Gashin Farko a Kurna

Titin Katsina na Kano ba ya samun barcin kirki, amma lungunan Kurna da ke bayansa suna yin nasu. A ɗaya daga cikinsu akwai wani gidan burodi da ba shi da allo, ba shi da kanti a gaba, ƙofarsa ta langa-langa ce mai ƙara in an tura ta. Ba don hayaƙin da ke fita ta bututun rufinsa tun tsakar dare ba, da sai ka ɗauka gidan haya ne na 'yan ci-rani. Na daɗe ina cin burodin gidan ban san inda ake yin sa ba. A teburin mai shayin bakin layinmu nake samunsa, cikin farar leda da aka buga wa suna da shuɗin tawada wanda rabinsa ya goge. Abin da kawai na lura shi ne ya fi na sauran gidaje ƙanƙanta, amma in na ci rabi da safe ba na neman komai sai bayan azahar.

Da hunturun ƙarshen 2021 zazzaɓi ya kwantar da yaron da ke ɗauko wa mai shayin burodi a baro. Muna fitowa daga sallar asuba ya tare ni a ƙofar masallaci yana murza hannuwa saboda sanyi.

"Malam, don Allah taimaka ka miƙa ni gidan burodi a mashin ɗin nan naka. Yaron ba lafiya, ga shi na ɗora ruwa, yanzun nan 'yan adaidaita za su cika min tebur."

Muka bi lungu, muka tsallake kwata, muka sake shan kwana, sai ga ƙofar. Zauren gidan shi ne ma'ajiya: buhunan fulawa masu kilo 50 a jere kan katako don kada damshin ƙasa ya taɓa su, ga sukari, ga bokitan bota, ga katan na yis. Daga zaure sai wani dogon ɗaki, kuma kana sa ƙafa a ciki hular sanyinka za ta zame maka kaya. Zafin wurin ɗauke yake da tsamin kwaɓin da ya tashi, da hayaƙin itace, da ƙamshin sukarin da wuta ta soma taɓawa. Samari ne a ciki daga su sai singileti, fulawa har a gira, rediyo na ta magana a kan wani kanta ba mai sauraronta.

"Sannunku da aiki."

"Yawwa, sannu Malam. Ya sanyi?"

"Lokacinsa ne."

"Mu nan sai dai labarinsa muke ji," in ji ɗaya daga cikinsu, sauran suka yi dariya ba tare da hannunsu ya tsaya ba.

Mai gidan, wanda kowa ke kira Alhaji, dattijo ne siriri mai gemu, ba ka iya rabe furfura da fulawa a jikin gemun. Da mai shayin ya ce masa ni maƙwabcinsa ne kuma tsohon mai cin burodin gidan, sai ya ce ai bai kamata in koma ban ga yadda ake yi ba, gashin farko ya kusa fita. Mai shayin ya ɗaure kayansa na jiya da suka huce, wani yaro ya rage masa hanya, ni kuwa na tsaya. Tun daga ranar ƙafata ta saba da gidan.

Aikin tun bayan isha'i yake farawa. Akwai wani dogon kwami na katako, a nan ake juye fulawa. Awon sukari da gishiri da yis kuwa Alhaji ba ya barin kowa ya yi, ko ɗan cikinsa. Da wani tsohon gwangwanin madara yake aunawa, ya shafe bakinsa da yatsa, ya zuba, leɓensa na motsi yana ƙirga. Samari biyu su zuba ruwa su shiga kwaɓi da hannu har gwiwar hannu, har sai garin ya haɗe jikinsa. Daga nan sai murji, kuma a nan ne burodin irin namu ke samun halinsa. Injin murjin wasu manyan ƙarafa ne guda biyu masu juyawa, bel ya haɗa su da injin Lista mai shan dizal da ke waje. Ana cusa dunƙulen kwaɓi ta sama, ya fito ta ƙasa a shimfiɗe, a ninke shi, a sake cusawa, a sake, a sake, har sai ya daina yagewa, ya yi santsi yana sheƙi. Wanda ke tsaye a bakin injin ba ya hira, ba ya waige. Na tambayi dalili, sai wani ya ɗaga min hannun hagunsa, yatsa ɗaya guntu ne.

Alhaji a Agege ya koyi sana'ar, yana saurayi, a cikin Hausawan da suka daɗe zaune a can. Ya ce duk burodin da za ka yaga ya biyo hannunka zare-zare, daga wannan murjin ne, kuma daga Legas ya hauro Arewa. Masu tarihin sana'ar suna danganta shigowar injin da Amos Shackleford, mutumin Jamaika da ya zo Legas a 1913 aikin jirgin ƙasa, daga baya ya koma gasa burodi har ya yi suna. Alhaji bai damu da wannan ba. Shi abin da ya riƙe shi ne maigidansa na Agege ya taɓa mayar masa da kwaɓi bakin inji don ya ga wani ɗan gudaji da bai kai ƙwayar wake ba.

In an gama murji sai a kai kan tebur. Ɗaya na yanka, ɗaya na ɗorawa kan sikeli, ya ƙara ɗan tsinke ko ya rage, biyu na mulmulawa suna jefawa cikin gwangwanayen da aka shafe da mai. Gwangwanayen nan sun yi baƙi ƙirin don daɗewa, kuma ba a yarda a kankare su da soson ƙarfe ba, wai sabon gwangwani kama burodi yake yi. Sai a jera su a rufe a jira kwaɓin ya tashi. Da hunturu nawa yake yi, sai an matsar da shi kusa da bangon ɗakin gashi. Da bazara kuwa tsere ake yi da shi, in aka yi sake ya wuce ya yi tsami, ranar an tafka asara.

Ɗakin gashin ginin jan bulo ne mai ƙubba, da 'yar ƙofar ƙarfe daidai ƙirjin mutum. Mai kula da shi wani tsoho ne, kowa Baba yake ce masa har Alhaji. Tun tsakar dare yake hura itace a ciki, bulon ya sha wuta ya ƙoshi, sannan ya jawo garwashin waje da wani ƙarfe mai lanƙwasa, ya ɗaura jiƙaƙƙen buhu a kan gora ya goge toka. Ba agogo, ba na'urar auna zafi. Fulawa yake ɗiba da yatsu uku ya watsa a daɓen ciki. In ta yi baƙi nan take, ya ja kujera ya zauna. In ta yi ja a hankali, sai ka ji ya ce, "To, bismillah, ku miƙo." Da wata doguwar sanda mai faffaɗan kai yake tura gwangwanayen, manya can ƙurya, ƙanana kusa da ƙofa don su za su riga fita. Ya rufe, ya toshe gefen ƙofar da jiƙaƙƙen tsumma. Daga nan hancinsa ne agogo.

Ranar farkon nan, da ya buɗe ƙofar, ƙamshin ya cika ɗakin har yaran da ke jira a zaure suka leƙo. Ya jawo wani ƙarami, ya kama gwangwanin da tsumma, ya buga gindinsa a gefen tebur, burodin ya faɗo yana tururi. Wani saurayi ya goga masa bota a ka, nan take ta narke ta bi gefe.

"Ci, ɗana," in ji Baba. "Na leda daban, na bakin wuta daban."

Sai da na riƙa juya shi daga wannan hannu zuwa wancan kafin in iya yagawa. Ɓawon saman ja ne siriri, yana ɗan ƙaras a haƙori, abin da ba ka taɓa samu a burodin da ya kwana a leda. Gindinsa ya fi duhu, da ɗan ɗaci-ɗaci na wuta wanda ni ya fi min ko'ina daɗi. Cikin fari sol, yana yaguwa a tsaye zare-zare, da danshi amma ba ɗanye ba. Zaƙin ba ya tare ka a ƙofa. Sai ka tauna sau biyu uku sannan ya fito, gishiri na biye da shi, can daga baya ka ji hayaƙi a maƙogwaro. A kan garwashin da Baba ya fitar akwai wata baƙar buta, samarin sun dafa ruwan bunu da citta da kanumfari. Aka zuba min a kofin silba. Ban nemi madara ba, ban nemi ƙwai ba. Na cinye, Baba ya buga min wani, shi ma na cinye, ina tsaye.

Ina cikin lashe yatsu Alhaji ya aiki yaro zaure ya ɗauko wani ƙaton burodi irin wanda ake tallarsa a tasha, mai tsayi da faɗi, wanda matafiyi ke saya tsaraba don a ga ya shigo gida da kaya. Ya ɗora min shi a hannun dama, ya ɗora nasa a hagu.

"Malam, rufe ido. Wanne ne babba?"

Na hagun ne ya ja hannuna ƙasa, alhali a ido bai fi rabin wancan ba. Sai ya karɓi ƙaton ya matse shi tsakanin tafukansa biyu, ya koma ɗan dunƙule, ya ajiye a tebur. Muka tsaya kallo, bai tashi ba. Ya danna nasa da babban yatsa, ramin ya cike kafin ya janye hannu.

"Iska suke sayar wa mutane," in ji shi.

Abin da 'yan sana'ar ke kira maganin kumburi yake nufi. Akwai irin da hukuma ta yarda da shi, kuma ba kowane ƙaton burodi ne abin zargi ba, gaskiya ɗaya ce. Amma akwai sinadarin buromet, wanda ɗan kaɗan ɗinsa ke sa kwaɓi ya cika gwangwani ya yi tozo, wanda kuma binciken masana ya danganta da cutar daji da lalacewar ƙoda. Hukumar NAFDAC ta haramta shi a burodi zamanin Dora Akunyili, wadda ta shugabance ta daga 2001 zuwa 2008, aka rufe gidajen burodi da dama a kansa. Duk da haka bai ɓace ba, saboda lissafin a fili yake: buhu ɗaya ya ba ka burodin da ido zai ce na buhu ɗaya da rabi ne. Ɗan uwansa a ha'inci shi ne sakarin, wanda ake sawa a madadin sukari. Shi wannan ba ya ɓuya, duk wanda ya taɓa jin wani ɗaci ya maƙale masa a harshe bayan ya haɗiye burodi mai zaƙi, ya san shi.

Burodin Alhaji yana da nasa aibin, kuma shi da bakinsa yake faɗa: ba ya daɗewa. Ranar farko sai hamdala, rana ta biyu sai da shayi, ta uku ya bushe, in damina ce ya yi hunhuna. Masu kanti ba sa son haka. Sun fi son wanda zai yi mako a kan kanta yana laushi. Ni dai na fi natsuwa da abincin da ke lalacewa a kan lokacinsa, amma ni ba ni da kanti, ba ni ke ɗaukar asarar kwantai ba.

Kafin gari ya waye sosai zauren ya cika. Masu shayi ne kan gaba, don su ne ƙashin bayan gidan. Sai 'yan sari masu ɗaura babban akwatin katako a bayan mashin su bi ƙauyukan hanyar Dawanau da Bichi. Sai yara da aka aiko daga gidaje, kuɗi a dunƙule a hannu, hanci na yoyo. Ba a sa burodi a leda da zafinsa, in ba haka ba ya yi gumi ya lalace, don haka kowa sai ya jira ya huce a kan tarage, a nan ake hirar ƙwallo da ta siyasa. Ɗan Alhaji na zaune da wani littafi mai baƙin bango. Kusan kowa ɗauka yake yau ya biya gobe, bashi kuwa hanji ne. Wanda ya ƙone a gefe ko ya karye wajen fitarwa ba ya shiga lissafi. Akwai almajiran wata tsangaya da ke kusa, da wasu tsofaffin mata biyu da ba sa magana, sai dai su tsaya daga gefen ƙofa, Alhaji ya sa a miƙa musu a leda baƙa don kada a ga abin da ke ciki. Kwantan da 'yan sari suka dawo da shi kuma masu kiwon kifi da kaji ke saye a buhu.

Gidan ba ya yin iri da yawa. Akwai na kullum, babba da matsakaici da ƙaramin 'yan makaranta. Akwai mai madara, wanda ake ƙara wa madarar gari da bota, cikinsa ɗan rawaya-rawaya, shi ake saya in za a je dubiya asibiti ko gaida surukai. Ranar Alhamis da daddare ake yin mai kwakwa saboda Juma'a: a goga kwakwa a soya ta sama-sama da sukari, a shimfiɗa kwaɓi a barbaɗa, a naɗe, ta yadda in ka yanka za ka ga ta zagaya a ciki. Wannan ba ya kaiwa hantsi. Mai yanka-yanka kuwa Alhaji ya ƙi shi, ya ce ba zai sayi inji don ya yi wa mutane abin da hannunsu zai iya ba. A nan ina bayansa. Burodin da aka yanka tun a gidan gashi iska ta riga ta shiga tsakaninsa, ga shi ba ya karɓar ƙosai.

Ƙosan nan ma sai na tsaya a kansa. A bakin lungun akwai wata Inna da ke suya tun asuba, kuma na tabbata rabin cinikinta albarkacin gidan burodin ne. Ka fito da matsakaici mai ɗumi, ka tsaga shi ta gefe da babban yatsa ba tare da ka raba shi ba, ka miƙa mata. Ta tsamo ƙosai daga mai, ta jera a ciki, ta barbaɗa yaji, ka haɗe ka danna da tafin hannu har man ya ratsa. Burodin iska ba ya jure wannan, narkewa yake ya dame. Na Alhaji yana shan man ya riƙe jikinsa har loma ta ƙarshe. Na ci shi da wainar ƙwai a teburin mai shayi, na ci da tsire da daddare, na ci da wake da manja, duk lafiya lau, amma wannan haɗin na Inna shi ne nake tunawa in ina wani gari.

Cikin samarin akwai wani ɗan Maraɗi da kullum yake yi musu tsiya, wai wannan ba burodi ba ne, kek ne. A wurinsu burodi dogo ne siriri irin na Faransa, ba sukari, ɓawonsa na ƙara in ka karya. Wata rana ya roƙi Baba ya bar masa gefen wuta, ya mulmula guda biyu ba gwangwani, ya tsaga bayansu da reza ya tura. Suka fito da kyan gani. Samarin suka ɗanɗana suka ce a kai wa masu ciwon suga. Ni na ci nawa da romon kai a gida, kuma ɗan Maraɗin yana da hujja.

Hirar da Alhaji ya fi so ita ce ta fulawa, don ita ce ke hana shi barci. Daga Kasuwar Singa yake sarowa, amma ya san alkamar da aka niƙa ba ta nan ba ce, mafi yawanta ta teku take shigowa daga ƙasashen waje. Tamu ta gida, wadda ake nomawa da rani a Kadawa da Kura da ruwan dam ɗin Tiga, da ta kwarin Haɗeja, ba ta ko kusa da isar ƙasar, kuma kafin ta je ko'ina masu alkaki da alkubus da funkaso da taliyar murji sun yi mata rubdugu. Yana Agege lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, da nufin a dogara da ta gida. Ya ce sun ga tasku: fulawa ta koma kayan fasa-ƙwauri daga Kwatano, wasu gidajen suka riƙa haɗawa da garin masara, burodi ya fito yana marmashewa, har aka janye dokar a 1992. Da na tuna masa burodin rogo da aka yi ta yayatawa zamanin Jonathan, lokacin Akinwumi Adesina na ministan noma, dariya kawai ya yi, ya ce shi a talabijin ya gan shi.

Da azumi komai juyawa yake. Gashin asuba ya koma na la'asar, don a samu mai ɗumi a buɗa-baki, a sake wani cikin dare saboda sahur. Tsayuwa a bakin wutar nan da ƙishirwa, a shekarun da azumi ya faɗo cikin zafin Afirilu, ba ƙaramin abu ba ne. Na ga Baba yana jiƙa rawaninsa a bokiti yana mayarwa ka, bai ce uffan ba.

Shi Baban asalinsa ɗan cikin gari ne, mahaifiyarsa gurasa take yi, kuma yakan ce burodi baƙo ne a Kano, gurasa ce 'yar gida. Shi ya sa na bi shi wata rana Jakara gidan wata ƙanwarsa. Can ba gwangwani, ba inji. Tanderu ne na yumɓu, an hura wuta a cikinsa har ya yi jau, mace ta ɗebo kwaɓi ta faɗaɗa a tafin hannu, ta zura hannun cikin wutar ta manna a bango, ta zaro kafin ka ƙifta ido. In ta gasu ta ɓamɓaro ta jefa a kwando. A ƙofar gida aka yi mana bandashe: aka tsoma gurasar a ruwa sama-sama, aka barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli da yaji, aka yaryaɗa man gyaɗa, ga albasa da tumatir. Fulawar ɗaya ce, daga kasuwa ɗaya, kuma abin da ya taso gaba bai bar masu burodi ko masu gurasa ba.

Ya faro ne da yaƙin Rasha da Yukiren a Fabrairun 2022, ƙasashe biyu da ke cikin manyan masu fitar da alkama a duniya. Fulawa ta tashi, dizal ya tashi, har ƙungiyoyin masu gidajen burodi na ƙasa suka yi yajin aiki a Yulin shekarar. A farkon 2023 aka shiga wahalar takardun kuɗi saboda canjin naira, littafin ɗan Alhaji ya cika ya batse, don mai shayi ba ya samun tsaba, shi kuma mai itace ba ya karɓar tiransifa. Sai cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, sai faɗuwar naira. A farkon 2024 mata masu gurasa suka fito zanga-zanga a Ceɗiyar 'Yan Gurasa kan tsadar fulawa, abin da ban taɓa zaton zan gani ba, don matan nan ba masu fita ba ne.

A cikin kwanakin nan ne na tarar da taro a zauren. Alhaji ya tara manyan masu ɗaukar kayansa, suna zazzaune kan buhunan da ba su kai rabin na da ba. Ya ce musu abu biyu ne, ko ya ƙara kuɗi ko ya rufe. Wani mai shayi, ba namu ba, ya gyara zama.

"Alhaji, ai akwai na uku. Ka ɗan rage awo mana, ka sa abin nan da kowa ke sawa. Wallahi mutane girma suke kallo. In ka ƙara kuɗi guduwa za su yi."

"Na sani, ƙanina. Ba ƙarya ka faɗa ba."

"To me ya hana?"

Alhaji ya nuna sikelin da ke kan tebur, tsoho mai dutsen ƙarfe. Ya ce tun da ya buɗe gidan dutsen nan bai canza ba, kuma shi ya tsufa da koyon sabon lissafi. Aka yi ta ja-in-ja har rana ta fito. Mai shayinmu bai ce komai ba sai can ƙarshe, ya tambaya ko za a bar musu tsarin ɗauka yau biya gobe. Aka ce an bari.

Aka ƙara kuɗin. Mai madara ya koma sai an yi oda, mai kwakwa ya koma sati bibbiyu, gashi biyu na kullum ya koma ɗaya. Samari biyu aka sallama, ɗaya ya koma tura baro a Dawanau. Wasu masu shayin suka koma ɗaukar burodin wani gida mai girma da araha, ban kuma ga laifinsu ba, su ma da bakin da suke ciyarwa. Namu ya tsaya, sai dai burodin da yake yankawa gida uku yanzu gida huɗu yake yi, ya kuma sayo sabuwar wuƙa mai kaifi don kada ya yi marmashi.

Zuwana na baya-bayan nan na tarar ɗan Alhaji ya kawo maganar a rushe ɗakin gashin a sayo na ƙarfe mai aiki da gas, wai itace ya yi tsada, ga maƙwabta na ƙorafin hayaƙi, ga Baba ƙafa ta soma ba shi matsala kuma ba wanda ya iya karatun wutar in ba shi ba. Ya zo da hoton irin wanda yake so a wayarsa, har da farashi. Baba ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya duba, ya tambaya ta ina ake watsa fulawar gwaji. Alhaji ya ce a bar maganar tukuna sai an ga yadda kuɗin gas zai kasance bayan sallah.